"Do you drink?": Ba ruwa ake tambayarka ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, watana biyu ke nan a Ingila ina karatun digiri na biyu. Da na je yin rajista a asibitin unguwarmu, ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni, "Do you drink?" Na ce mata eh, sosai ma, musamman da safe. Sai ta ajiye biro ta dube ni, ta fara tambayar tun yaushe na fara, da ko hannuna yana rawa in ban sha ba. Da kyar ta gane shayi nake nufi. Bayan kwana biyu kuma wata tsohuwa maƙwabciyata ta ce mini, "Would you like a drink?" da misalin goma na safe. Na ce mata a'a, ni Musulmi ne. Ashe shayi take son dafa mini, har na ga ranta bai yi daɗi ba. Malam, kalmar ɗaya ce. Ta yaya mutum zai gane abin da ake nufi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka gafarce ni, sai da na yi dariya kafin na ɗauki alƙalami. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, to tsohuwar nan ita ce tsumman. Amma ka kwantar da hankalinka, ba ƙarancin Turanci ne ya kayar da kai ba. Abin da littattafan makaranta ba su cika koyarwa ba ne.

Bari mu fara da ta asibiti, don ita ce mai ƙa'ida tsayayya. A Turanci, idan "drink" ta zo a matsayin aikatau, kuma ba a faɗi abin da ake sha ba, to giya ake nufi. "Do you drink tea?" tambayar shayi ce. "Do you drink enough water?" ta ruwa ce. Amma "Do you drink?" tsurarta, babu komai a gabanta, ma'anarta ita ce: kana shan barasa? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk mai rai yana shan ruwa, saboda haka ba wanda zai ɓata bakinsa yana tambayarka ko kana sha. Abin da wasu ke sha wasu ba sa sha shi ne ya cancanci tambaya. Ga kuma sigar jimlar, wadda ake amfani da ita wajen ɗabi'a da al'ada, ba abin da ke faruwa yanzu ba.

Ai mu ma haka muke yi da Hausa, ba ma lura ne kawai. In aka je binciken aure aka ce "yaron yana da kirki, amma fa yana ɗan sha," ba wanda zai zaci kunun tsamiya ne. Haka "mashayi" ba mai yawan shan ruwa ba ne, "mashaya" kuma a bakin 'yan birni ba ta dabbobi ba ce. To irin wannan ce Bature yake yi in ya ce "He drinks," ko "She has stopped drinking," ko gargaɗin nan na direbobi, "Don't drink and drive." Kada ka ga wannan a allon titi ka ajiye gorar ruwanka.

Ita ma'aikaciyar jinyar aikinta take yi. A Birtaniya tambaya ce da ake yi wa kusan kowa lokacin rajista, tare da ta taba sigari, kuma shawarar hukumomin lafiya a can tun 2016 ita ce kada namiji ko mace su wuce ma'auni 14 na barasa a mako. Babban kofin giya ɗaya na mashaya yakan kai ma'auni biyu ko fiye. Shan giya da sassafe kuwa yana cikin alamomin da aka koya musu su lura da su a wajen wanda abin ya kama. Ka ga ke nan amsarka ta haɗa komai da komai. Nan gaba ka ce "No, I don't drink," shi ke nan, ba sai ka ƙara komai ba. Ɗan sandan da ya tsayar da kai a mota ya ce "Have you been drinking?" shi ma giya yake nufi, ko da kwalbar lemo na hannunka. Wannan kam ba wurin barkwanci ba ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Idan "drink" ta zama suna, wato "a drink", ba ta da ma'ana ɗaya tsayayya. Wuri da lokaci da mai maganar su ke ba ta ma'ana. Tsohuwa a ɗakin girkinta, ƙarfe goma na safe, hannunta a kan butar lantarki, in ta ce "Would you like a drink?" shayi ne ko gahawa ko ruwa. Abokin karatu da yammacin Juma'a, yana sa rigar sanyi yana cewa "We're going for a drink, are you coming?" mashaya za su. Jimlar tsohuwar nan kuma, in aka faɗa maka ita a wajen liyafa da ƙarfe takwas na dare, mai gida na riƙe da kwalba, mai yiwuwa giya ce a ransa, ko da yake ba zai ji komai ba in ka zaɓi lemo. Mai son kauce wa ruɗani yakan ce "something to drink", wadda ta fi faɗi, ita ce kuma za ka fi ji a jirgin sama da gidajen abinci.

Shawarata, wadda nake ba duk ɗalibin da zai tafi: kada ka tsaya canki-canki a kan abin da mai tambaya yake nufi, kai dai ka ambaci abin da kake so da sunansa. "Tea would be lovely." "Just water, please." "An orange juice, thanks." Da wannan ka rufe ƙofa ba tare da ka ɓata wa kowa ba, kuma ba ka buƙatar kawo zancen addini sai in an matsa. A ganina ma saurin cewa "ni Musulmi ne" ga wanda ya yi maka tayin shayi yana sa shi jin kamar ka zarge shi da abin da bai yi niyya ba. Turawan da ba sa shan giya suna da yawa, har suna da kalmarsu, "teetotal", wadda ta fito daga ƙungiyoyin yaƙi da shan barasa na garin Preston a shekarun 1830. Ba baƙon abu ka zo da shi ba.

In zama ya kama ka da abokan karatu a mashaya, ka san cewa "What are you drinking?" ko "What are you having?" sau da yawa ba neman labari ba ne. Cewa yake yi: faɗi abin da kake so, ni zan biya. Suna yin abin kamar adashi, kowa da zagayensa, wannan ya saya wa kowa, an jima wancan ya saya. Wanda ya sha na mutane sau uku ya sulale kafin nasa zagayen, ba za a ce masa uffan ba, amma an rubuta shi. Sai kuma "Can I buy you a drink?" daga bakin wanda ba ka sani ba. Wannan galibi sallama ce ta mai neman shiga, 'yan'uwa mata su lura da ita musamman.

Akwai 'yan ƙananan tambayoyi da ke biyo baya, su ma suna kayar da baƙo. "Red or white?" ruwan inabi mai sa maye ne, amma "Black or white?" gahawa ce, da madara ko babu. "Still or sparkling?" ruwan gora ne, marar gas ko mai gas, kuma kuɗi za ka biya, in na kyauta kake so ka ce "tap water", don a Ingila doka ta wajabta wa duk wurin da ke da lasisin sayar da giya a sha a nan wurin ya ba da ruwan famfo kyauta. Ka kuma yi hattara da "cider". A Amurka yawanci ruwan tuffa ne kawai, sai an ce "hard cider" yake zama giya, amma a inda kake giya ce kai tsaye. "Ginger beer" kuwa, duk da sunanta, mafi yawan wadda ke shaguna lemon citta ce, sai dai ka duba jikin kwalba don akwai mai barasa. Kalmar "minerals" da muke faɗa a Najeriya ka bar ta a gida, "soft drink" za ka ce.

Saura maganar maƙwabciyarka. A wurinmu baƙo yakan ce "a'a, alhamdu lillahi" don kawaici, mai gida kuma ya yi kamar bai ji ba, ya kawo ruwa da fura ya dire. Ita ba za ta yi haka ba. Iyakarta ta ce "Are you sure?" sau ɗaya, in ka sake cewa a'a ta mayar da kofi cikin kabad. A wajen tsofaffin Ingila kuwa tayin shayi shi ne shimfiɗa tabarma, shi ya sa ka ga fuskarta ta canza. Ka ƙwanƙwasa mata ƙofa da rana tsaka, ka riƙe ɗan fakitin biskit, ka ba ta labarin abin da ya faru da kai a asibiti. Za ta yi dariya, za ta ɗora buta, sannan ta tambaye ka, "How do you take it?" Ba tana tambayar yadda za ka riƙe kofin ba ne. Madara da sukari take nufi, sai ka ce "Milk, two sugars." In cokali huɗu ka saba zubawa irin na teburin mai shayi, faɗa mata gaskiya, amma ka shirya ganin ta zaro ido.