Ɗakin gilashi a saman gidan abinci: wa ya ba ka shawarar, wa zai sayar maka?

Wani Alhaji mai gidan abinci a Kano ya rubuto mini cewa zai gina ɗakin zama na gilashi a saman benensa, bango da rufi duka, irin wanda ya gani a Dubai. Ɗan yayarsa mai aikin aluminiyam ya kawo masa farashi biyu: gilashi na yau da kullum naira miliyan 6, mai ruɓi biyu da ke tare zafi miliyan 15. Yaron ya ce kuɗin zai dawo cikin shekara guda. Alhaji na tambaya ko ƙarin miliyan 9 ɗin zai biya kansa.

Alhaji, kafin mu je kan gilashi, dubi abin da ka rubuta da hannunka. Wanda ya auna wurin ɗan yayarka ne. Shi ya ba ka shawara, shi ya yanka farashi, shi zai sayo, shi zai kafa. Ban ce yaron macuci ba ne. Amma duk wanda ladarsa ke ƙaruwa idan ka sayi mai tsada bai isa ya zama alƙalinka ba, ko da ciki ɗaya kuka fito. Ranar da aikin ya lalace kuma, wa za ka kama?

Na ga irin wannan da idona a Kaduna. Wani mai gidan burodi ya ba ƙanin matarsa kwangilar gilashi mai ruɓi biyu, ba takarda, ba shaida. Damina ɗaya aka yi, raɓa ta shiga tsakanin gilasan saboda liƙin gefen bai yi kyau ba. Na same shi tsaye da tsumma, ya goge ta ciki, ya zaga ya goge ta waje, hazon na nan daram, domin yana inda hannu ba ya kaiwa. Da ya yi magana, surukarsa ta aiko a ce masa ya yi haƙuri, ɗan'uwa ne. Haka ya haɗiye asarar, har yau kuma ba sa ga maciji da yaron. Kuɗi sun tafi, zumuncin da aka yi abin dominsa ma ya bi su.

To, gilashin kansa. Irin wannan ɗaki a Ingila ya yi suna, inda ake gina shi don a tara ɗumin rana a lokacin sanyi. Kai kuwa a Kano kake, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Da tsakar rana, kowace murabba'in mita na samun wajen wat 1,000 na zafin rana, kuma farin gilashi falle ɗaya yana barin fiye da kashi 80 cikin ɗari ya shige. Rufin gilashi mai murabba'in mita 30 kaɗai zai iya cinye ƙarfin esi shida ko bakwai masu doki ɗaya da rabi. Murhu za ka gina wa baƙinka.

Ga abin da masu sayarwa ba sa faɗa: ruɓi biyu kawai ba ya maganin rana. Akwai wanda aka yi wa ƙasashen sanyi, aikinsa ya bar rana ta shiga ya hana ɗumin fita. Idan shi aka kafa maka, ka sayi wahala da kuɗinka. Wanda ya dace da mu shi ne mai siririn shafi da ke mayar da zafin rana waje. A takardar kamfani akwai lamba da ake rubutawa SHGC, ita ke nuna yawan zafin da ke ratsawa. Nemi wanda bai wuce 0.3 ba, ko kusa da haka. Ɗan yayarka ya nuna maka wannan takarda?

Maganar shekara guda kuwa, mu yi lissafi. Esi ɗaya mai doki ɗaya da rabi yana shan kamar yunit 1.2 a awa. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa rukunin A na masu amfani da wutar lantarki a Afrilun 2024, awa goma a rana ya kai wajen naira 80,000 a wata. A ce gilashin ya rage maka esi uku, wato wajen 240,000. Miliyan 9 za ta ci shekara uku ke nan, in kullum bazara ce. Sa hunturu da damina a ciki, ka kama huɗu zuwa biyar. In da dizal kake kwana, lokacin zai ragu. Amma shekara ɗaya, a'a.

Kuma don Allah ka ajiye mafarkin cewa Kano za ta yi dafifi saboda hoto a Instagram. Za su zo sati biyu su ɗauka. Wanda ya yi gumi a kan farantinsa ba zai dawo ba.

Ni dai ga shawarata. Soke rufin gilashi, yi rufi na sosai da silin mai tare zafi, a fito da bakinsa ya yi wa bango inuwa. Gilashi mai tsadar a sa shi yamma da gabas, inda rana ke duka kai tsaye. Sannan ka biya wani injiniya da ba ya sayar da gilashi, ba kuma danginka ba, ya auna wurin ya rubuta abin da ake buƙata. Kai takardar wurare uku su ba ka farashi, ɗan yayarka na cikinsu. In shi ya ci, madalla, amma a rubuta yarjejeniya da garantin liƙi gaban shaidu, ka kuma riƙe wani kaso na kuɗin sai damina ta wuce. Tun yanzu ka je ka sanar da yayarka da bakinka cewa haka za a yi, kafin ta ji a wajen wani.