Amsa ga malamar da 'yan ajinta suka gaji da gudun safe

Malama, sannu da ƙoƙari. Tun jiya da daddare na ga tambayarki: kin fara fitar da 'yan aji huɗu gudu kowace safiya, makon farko har rige-rigen fita suke, yanzu kuwa kowa da ciwon cikinsa, alewar da kike ba na ɗaya ma ba ta tsinana komai ba. Ni ma na sha wannan a firamaren da nake koyarwa a nan Kano, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Alewar nan ce ta fara ɓata miki lissafi. A ajin yara sittin, masu iya zuwa na ɗaya ba su wuce uku ba, kuma tun ranar farko kowa ya san su. Yaro ba wawa ba ne. Me zai sa ya yi ta haki a kan alewar da ya san bakin wani za ta shiga?

Ni tsarin da na kwaikwaya shi ne Daily Mile, wanda wata shugabar firamare mai suna Elaine Wyllie ta fara a garin Stirling na ƙasar Sikotilan a 2012. Minti 15 ne kacal, da kayan makarantarsu a jiki, babu tsere, wanda ya gaji ya taka kaɗan ya ci gaba. Sunan mil yake ɗauke da shi, amma lokacin ake dubawa, ba nisan ba.

Abin da na ƙara nawa shi ne na zana hanyar Kano zuwa Zariya a gefen allo, na ce ajin nan gaba ɗaya a ƙafa za mu je. Duk wanda ya zagaya fili sau ɗaya sai ya karɓi murfin kwalbar lemo ya jefa a gwangwanin madara. Ranar Juma'a mu zazzage, mu ƙirga, mu matsar da alamar. Murfin mai gudu da na mai jan ƙafa duk ɗaya ne a cikin gwangwani. Akwai wata yarinya mai jiki da kullum take laɓewa bayan aji don gudun tsokana. Ƙawarta ce ta riƙa jan hannunta, suna tafe suna hira, murfi biyu, wata rana uku. Ranar da muka "isa" Kura da kyar, murfi huɗu ne suka cike mana, sai wani yaro ya ce ai na wance ne suka kai mu. Tun daga ranar ita ke riƙe gwangwanin. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora su ne ke tuna mini lokaci ya yi.

Mun kusa rasa komai ta hannun wani abokin aikina da ya mayar da zagaye fili horon 'yan makara, haɗe da tsallen kwaɗo. Mako guda kawai, yara suka fara kallon filin kamar bulala. Sai da na kai magana gaban hedimasta aka raba horo da gudu. Ki bincika ko ana yin haka a wajenku.

Kuma ki shiga cikinsu, ko da tafiya ce da sauri. Ranar da na naɗe ƙafar wando na bi su, dariyar da suka yi mini ta fi kowace alewa aiki. 'Yan mata manya sun fi sakin jiki idan an ba su ɓangarensu, kuma malama ce a gaba. Lokaci-lokaci ki bar su su sauya da langa ko 'yar tsere tsakanin abokai. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 60 na motsa jiki take so yaro ya samu a rana, ba ta ce dole sai gudu ba.

Batun ciwon cikin kuwa, kada ki ɗauka duka ƙarya ne. Na taɓa yi wa wani faɗa, ashe ko koko bai sha ba ya fito. Yanzu nakan tambaya a hankali, a gefe. Masu asma ina ɗaga musu ƙafa idan ƙurar hunturu ta yi yawa, da azumi kuma mu dakata baki ɗaya. Sannan kafin ki sake fitar da su, ki sa a tsince filin, don yawancinsu da silifa suke zuwa, in gudu ya yi daɗi kuma cire shi suke yi su riƙe a hannu.