Za a yi wa Baba aikin zuciya: in sayi na'urar yatsa?

Tambaya: Likitoci sun ce za a yi wa mahaifina tiyatar zuciya, har sai an tsayar da ita na ɗan lokaci. Ina so in sayi na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, mai auna iskar oksijin a jini, mu tafi da ita asibiti. Wace iri ce ta fi?

Amsa: Allah ya sa a yi a sa'a, 'yar'uwa. In don ɗakin tiyata ne, riƙe kuɗinki. Ba za su karɓa ba, kuma a daidai lokacin da kike fargaba ba ta da amfani.

Na'urar tana haska yatsa ne da jan haske da wani hasken da ido ba ya gani, ta lissafa oksijin daga bugun jini. To da zarar an ɗora Baba a kan injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu (wani likitan Amurka, John Gibbon, shi ne ya fara nasara da shi a 1953), jini yakan gudana ne sumul, babu bugu, sai lambar ta ɓace. Shi ya sa likitan sa barci yake saka siririn bututu a jijiyar wuyan hannu, yana ɗibar jini lokaci-lokaci ana aunawa. Mai kula da injin ma yana duba jinin da ke dawowa daga jiki. Asibitoci da yawa kan manna faci biyu a goshi, masu lura da oksijin ɗin ƙwaƙwalwa, su kam babu ruwansu da bugu. Ki tambayi likitan ko suna da su.

Amfaninta na bayan sallama ne, shi ma in likita ya ce a riƙa aunawa. Nemi wadda hukumar lafiya ta amince da ita, mai nuna layin bugun jini yana hawa da sauka. Kada ki dogara da agogon hannu mai auna oksijin. A gwada ta tare da ta asibiti kafin ku fito.

Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100, amma likita ne zai faɗi lambar da ta dace da Baba. Sanyin hannu da jan farce suna rikita ta. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya kuma nuna takan ƙara wa masu duhun fata lamba fiye da gaskiya. Saboda haka in Baba yana haki ko ya rikice, ku koma asibiti ko da tana nuna 96.