Ga mai son zuwa Indiya nazarin yarjejeniyoyin Turawa da sarakuna

Ƙanena, ka ce kana son yin digiri na biyu a Indiya a kan yadda Turawan Ingila suka mallake sarakunan ƙasar ta hanyar yarjejeniyar ƙawance, kuma kana tambayar ta ina za ka fara. Fara da rage faɗin batun. Masarautun sun haura 500, ba malamin da zai karɓi taken da ya haɗe su duka. Ɗauki Haidarabad ko Awad.

Gwamna Wellesley ne ya kafa tsarin sosai, daga 1798 zuwa 1805. Sarki zai karɓi rundunar Kamfanin Gabashin Indiya, wato kamfanin cinikin Turawan Ingila da ya zama mai mulki a can, ta zauna a ƙasarsa, shi zai biya kuɗinta. A ajiye masa Razdan a fada. Ba zai ɗauki wani Bature aiki ba, ba zai yi yaƙi ko sulhu da maƙwabci ba sai da izinin Kamfani. Su kuma su kare shi.

Kuɗin rundunar nan shi ne tarkon, can za ka sa ido. Nizam, wato sarkin Haidarabad, ya sa hannu a 1798, ya sallami sojojinsa da Faransawa suka horar. A 1800 ya miƙa yankunan Belari da Kadapa a madadin kuɗin. Bashi ya sake taruwa, a 1853 aka karɓe Berar, ƙasar auduga. Awad ta ba da kusan rabin ƙasarta a 1801. Sarkin da ya san bindigar wani na tsaronsa ba ya jin tsoron talakawa, sai ya tsananta haraji don ya biya. Da mulki ya lalace, Gwamna Dalhousie ya kafa hujja da lalacewar ya haɗiye Awad a 1856.

Kada ka rubuta cewa daidai yake da mulkin Lugard a Arewa, za a kama ka. An haifi Lugard a birnin Madras na Indiya, ya yi soja a Indiya, amma Sakkwato da yaƙi aka ci ta a 1903, Turawa suka riƙa naɗa sarki. Nizam kuwa yana da kuɗin ƙasarsa na kansa da gidan wayarsa har 1948.

Takardun da za ka yi nazari a kansu suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Delhi da ta jihar Telangana a Haidarabad. A Delhi za a nemi wasiƙar jami'arka da ta ofishin jakadancinku. Wasiƙun fada da Farisanci suke. Larabcinka zai taimaka wajen haruffa da wasu kalmomi kawai, sai ka shiga ajin Farisanci. In bizarka ta wuce kwana 180, yi rajista da ofishin baƙi cikin kwana 14 da saukarka, jinkiri na jawo tara.