Gindin gashi da maiƙo, bakinsa kuma a bushe

Ƙanwata naga tambayarki akan matar nan da kika wanke wa kai jiya, kince gindin gashinta maiƙo har yana danƙo a yatsa amma bakin a bushe yake ƙamas yana ta karyewa a kum, kin rasa ko ki ɗauke shi a mai maiƙo ko a busasshe. Toh duka biyun ne, kuma karki zaɓi ɗaya dan duk wanda kika zaɓa ɗayan ne zai sha wahala. Naji daɗi da kika lura da wannan da kanki wallahi, da yawa sai sun shekara suna wankin kai basu taɓa kula ba.

Bari in faɗa miki daga inda abun yake tasowa. Maiƙon nan fatar kai ce take fitar da shi, a gindin kowane silin gashi akwai ɗan ƙaramin ƙulli a cikin fata da aikinsa kenan ya dinga tsatso mai, kuma sinadaran jiki ne suke juya shi shiyasa zakiga yafi yawa daga lokacin balaga, wata kuma haka Allah Ya halicce ta babu man da ta shafa. Shi kuwa silin gashin da ya riga ya fito ba rai gare shi ba, baya gyara kansa, abinda ya same shi ya same shi kenan. Gashi yana ƙara tsawon kamar santimita 1 ne a wata, kinga wadda gashinta yakai santimita 30 bakin nan ya haura shekara 2 a kanta, ya sha rilaksa ya sha rini ya sha zafin diraya da taza ba adadi. Kuma man da fata take fitarwa kafin ya gangaro ya isa can ƙarshe aiki ne, balle in gashin mai murɗiya ne, a hanya yake maƙalewa. Shiyasa sama ya jiƙe ƙasa yana ƙishi.

Kafin ki taɓa ruwa ki fara dubawa. Ki tsaga gashin a tsakiyar kai ki danna tishu akan fatar, in kika ɗaga kika ga tabon mai toh kin samu amsa. Sannan ki kama bakin ki murza tsakanin yatsu biyu kusa da kunnenki, mai lafiya sulɓi zakiji, wanda ya lalace kuwa kaushi yake har da 'yar ƙara kamar busasshiyar ciyawa, in kika ɗaga shi a haske zakiga wasu silin sun tsage gida biyu wasu kuma da ɗan farin ɗigo a inda zasu karye.

Wajen wanki shamfu na fatar kai ne. Ki raba gashin kashi huɗu, ki sa shamfun a fatar ki cuɗa da tsokar yatsu banda farce, karki tattaro gashin gaba ɗaya ki tara a tsakiyar kai kina cakuɗawa kamar wanki, wannan shi yake kashe bakin ya kuma harɗe shi. Kumfar da zata gangaro lokacin ɗauraya ta ishe shi. In maiƙon yayi yawa ki maimaita sau biyu amma a fatar kawai. Ruwa mai ɗumi ya isa, mai zafi sosai busar da bakin yake ƙara yi. Kwandishana kuma akasin haka, daga tsakiyar gashin zuwa ƙarshe, ki bar tazarar kamar yatsu uku daga fata, ki barshi 'yan mintuna ki taje da kum mai manyan haƙora kina farawa daga ƙasa kina hawowa a hankali. In bakin ya bushe da yawa ki shafa masa ɗan man kwakwa tun kafin wankin, yana shiga cikin silin yana rage ɓarnar da ruwa da shamfu suke yi.

Inda nafi so ki kiyaye shine wajen shafa mai, dan nan na taɓa faɗawa. Farkon koyona wata tazo da irin gashin nan, ni da naga bakin a bushe sai na ɗauko mai mai kauri na bi tsaga tsaga na lafta mata a fatar kai ina ganin nayi gwaninta. Kwana huɗu ta dawo tana susa, kan ya cika da amosani mai danƙo, bakin kuma yana nan yadda yake ko ɗigon amfani bai samu ba. Har yau in na tuna yadda take sosa kan nan raina baya min daɗi, amana ta bani na ƙara mata ciwo. Daga baya na gane ƙwayar da take haddasa amosani maiƙo ne abincinta, kinga ni da hannuna na ƙara mata. Dan haka bayan wanki, tun kan da sauran lema, ki ɗiga mai kaɗan a tafin hannu ki murza ki bi bakin kaɗai, fatar ki ƙyale ta tana da nata.

Tawul kuma matsewa ake ba gurzawa ba. In zaki sa diraya ki busar da gindin sosai ki rage zafi in kin gangaro.

Sai maganar da kwastoma basa son ji, bakin da ya tsage babu man da yake haɗe shi, ko me aka rubuta a jikin kwalba lafar dashi kawai yake zuwa wanki na gaba, in aka barshi kuma tsagar hawowa take sama. Almakashi ne maganinsa. Amma karki yanke sai kin nuna mata ta gani da idonta ta yarda, kuma ki nuna mata da yatsa iya inda zaki cire, dan mace zata yafe miki abubuwa da yawa banda rage mata tsawo ba izini.

In ta dawo ki tambaye ta kwana nawa take kafin ta wanke, me take shafawa a gida kuma a ina take shafa shi, ki ce ta dinga wanke kum da hular baccinta dan suma suna riƙe mai su mayar mata, hular ta samu mai santsi. In kika tsaga kika ga fatar tayi ja ko ɓawo mai kauri ko ƙuraje ko gashi na zuba a wuri guda, karki sa mata rilaksa ko rini ranar, ki ce taje taga likitan fata tukunna, ki kuma kira ni in duba tare dake.