Takardar da ta raba fatake da 'yan fashin teku

Ɗana, saƙonka ya iso. Kana tambaya wace irin al'ada ce ta sa attajiran Amurka tura jiragensu su kama na Ingila lokacin yaƙin neman 'yanci, ko wannan ba fashi ba ne.

A dokarsu takarda ce ta raba. Tun 1776 majalisarsu ta fara ba masu jirage takardar izini, mai jirgi ya ajiye jingina, ya ɗora igwa, ya ɗebi mutane. In sun kama jirgi, ba a taɓa ko buhu ɗaya. Sai a tuƙo shi tashar ruwa, alƙali ya duba takardunsa; in ya tabbata na abokan gaba ne, a yi gwanjonsa da sukari ko yadin da ke ciki. Galibi rabi na masu jirgi, rabi na ma'aikata, kyaftin ya ɗauki kaso mai tsoka, yaron jirgi ɗan guntu. Shi ya sa sojan ruwan gwamnati ya sha fama da rashin mutane, kowa ya bi inda maiƙo yake. Bisa al'ada mai takarda fursunan yaƙi ne in an kama shi, marar takarda kuwa sai igiya, ko da yake Ingila ta ɗauki Amurkawa masu takardar ma a matsayin 'yan tawaye.

Dubi Robert Morris, ɗaya daga cikin attajiran nan. A Libaful aka haife shi a 1734, ya yi arziki a Filadalfiya tare da abokin kasuwancinsa Thomas Willing, kuma kada in ɓoye maka, har cinikin bayi sun taɓa. A 1775 majalisa ta sayi jirginsu Black Prince, ta mai da shi na yaƙi da sunan Alfred. Daga 1781 zuwa 1784 baitulmali da harkar sojan ruwa duka a hannunsa suke.

Nan ne ni ban gamsu ba. Mutum ɗaya yana sayo wa gwamnati albarushi, yana karɓar la'ada, ga hannun jarinsa a jiragen da ke kamu. A 1779 an zarge shi, majalisa ta wanke shi. Gaskiya ne, ya sa sunansa ya ciwo wa ƙasar bashi ranar da asusu ya bushe, amma aljihu biyu a riga ɗaya, wa ya san wanda aka zuba wa?

Cinikin filaye ne ya karya shi, ya zauna gidan yarin masu bashi daga 1798 zuwa 1801, ya rasu a 1806. Al'adar kanta an soke ta a yarjejeniyar Faris ta 1856, Amurka kuwa ba ta sa hannu ba.

Ka gaishe min da mahaifiyarka.