Sun ce hauhawar farashi ta ragu, to ina ragin yake?

Tambaya: Salam Malam, don Allah kullum sai in ji a rediyo wai hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta ragu, amma ni in na je sayayya ƙari kawai nake gani. Wai ina suke samo lissafin nan ne, ko zama kawai suke a ofis su rubuta abin da suka ga dama? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Toh ai abin da suke aunawa saurin tashin farashi ne, ba farashin kansa ba. Ki ɗauka abu yana 100, bara ya koma 130, tashin kashi 30 kenan, bana ya koma 143, kinga kashi 10 ya ƙaru, sai a sanar cewa hauhawa ta sauko daga 30 zuwa 10 alhali ke 143 ɗin nan za ki ƙirga ki miƙa. Mota ce ta rage gudu, ba ribas ta yi ba.

Lissafin kuwa, ma'aikata ake turawa duk wata shaguna da kasuwanni suna rubuta farashin kaya iri ɗaya, abinci, haya, kuɗin mota, magani, kowanne da nauyinsa gwargwadon abin da iyalai ke kashewa a kai. Nan fa ake samun saɓani, don tsaka-tsaki ake ɗauka, shi kuma mai ƙaramin ƙarfi yawancin kuɗinsa a abinci yake tafiya, in abinci ya tashi shi ke jin jiki ko da an ce sauran kaya sun lafa.

Kuma ba don labarai kawai ake fitar da lissafin nan ba, da shi babban banki ke yanke shawarar ɗaga kuɗin ruwa ko sauke shi, kamar na Amurka da Ingila da ke son hauhawa ta tsaya a kashi 2, da shi ake tsara kasafin kuɗi, 'yan ƙwadago ma shi suke ɗagawa in ana cinikin albashi.

Amma zarginki ma ba daga sama ya faɗo ba gaskiya. A Ajantina tun daga 2007 alƙaluman gwamnati suka riƙa fitowa ƙasa sosai da na masana masu zaman kansu, har tara aka ci wasunsu a 2011 don sun fitar da nasu lissafin, sai a 2013 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fito fili ya tsawatar wa ƙasar a hukumance kan ta gyara alƙalumanta.